Mutuniyar Bodinga

Shagari,
8 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga ɗiyata Basira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da mahaifinki ɗan'uwana Zainulabidin. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, tawa gwiwar ta hagu kuma tana nan tana yi mini tsiyar da ta saba.

Na san kina juya takardar nan kina neman ko wace ce. Ni ce Aminatu, gwaggonki ta Shagari. Kakanki da mahaifina ɗan wa da ɗan ƙane ne. Rabona da ke shekara tara, tun wani biki a Sifawa, ranar da kika tsince naman kika bar mana tuwon, wai kina rage ƙiba.

Kada ki ce don me ban bugo waya ba. Ina da ita, amma ba ta da sirri, in na yi magana har awakin maƙwabta sai sun ji. Kuma shekara talatin da biyar na yi ina koya wa yaran firamare rubuta wasiƙa, ba zan bari ta mutu a hannuna ba don na yi ritaya. Ɗanladi direban motar albasa ne zai kawo miki wannan, yana shiga Abuja duk mako. Ki ba shi amsa.

Maƙwabciyata Sumayya ce ta nuna mini ke a wayarta. Na gan ki tsaye gaban mata cike da ɗaki, kin riƙe abin magana kina cewa, "Ki tashi, jikinki amana ne." Na tambaya wane irin aiki ne wannan, ta ce ke mai ƙarfafa wa mata gwiwa ce, kina kuma koya musu yadda za su kula da lafiyarsu. Na ce ikon Allah. A zamaninmu mace mai yawan magana faɗa ake yi mata, yau ga shi har kujeru ake jera wa mutane don su saurare ta. Na ji daɗi ƙwarai, don na ga kin iya, kuma kin yi kama da kakarki in ta ɗaga yatsa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutuniyar Bodinga ba ta da lafiya. Wata huɗu ke nan hawan jini ya kayar da ita tana cikin shanya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. An kai ta asibiti Sakkwato, Allah ya taƙaita abin. Likitan gashin ƙashi ya ce ƙafar za ta dawo in dai za ta riƙa takawa kullum, in kuwa ta kwanta har jijiyoyin suka sandare, shi ke nan, sai dai a riƙa ɗaukarta. To ta kwanta. Ta juya fuska ga bango ta ce a ƙyale ta. Mijinta Malam Husaini ya jawo aya ya jawo hadisi har ya gaji. Shekarunta arba'in da ɗaya, autarta ko aji uku ba ta shiga ba.

Tunda tayar da mata ne sana'arki, ki rubuto mini abin da ake faɗa wa mai irin wannan hali. Zan sami wanda zai kai mata.

Gwaggonki,
Aminatu Na'Allah.

Abuja,
15 ga Yuli, 2024.

Gwaggona ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina wuni, ya gida, ya damina, ya kuma gwiwar? Mu duk lafiya. Baba ya tafi Minna ta'aziyya, in ya dawo zan isar da gaisuwarki. Wallahi da Malam Ɗanladi ya miƙo mini takardarki tana ƙamshin albasa, sai da na zauna. Rabona da rubutu da hannu tun jarrabawar fita sakandare, don haka ki yi haƙuri, kada ki ɗauko jan biro.

Maganar tuwo kuwa na tuba. Yanzu ni ce nake yawo ina roƙon mata su koma tuwon dawa da miyar kuka su rage lemon kwalba.

Bari in gaya miki aikin, don kada ki zaci surutu ne zalla. Ni ba likita ba ce, kuma kullum da wannan nake farawa. Na yi kwas a kan abinci da motsa jiki, sauran kuma baki ne da Allah ya ba ni. Ina da zaure a waya mai mata wajen ɗari bakwai. Kowace safiya nakan aika musu da magana ta minti uku. Ranar Asabar mukan fito da hijabanmu da takalman kambas mu yi tafiyar awa guda, mazan unguwa suna kallonmu kamar sun ga sabon wata. Akwai matar da ta zo mana ba ta iya hawa bene, bana da ƙafarta ta yi Safa da Marwa. Irin wannan ne yake sa in manta gajiya.

Game da ƙawarki ta Bodinga, Allah ya ba ta lafiya. Na sa wata takarda a ciki, a karanta mata. A taƙaice, kada a ce mata ta tashi ta yi tafiya, abin zai yi mata girma. A ce yau zama kawai za ta yi a bakin gado. Gobe ta tsaya. Jibi taku uku. A riƙa ƙirgawa ana rubutawa, don mutum yana son ganin inda ya baro. A rage gishiri da ɗanɗano, a kiyaye magani, kuma kada a yi komai sai yadda likitan gashi ya tsara.

Amma ga babbar tambayata, Gwaggo. Ina mahaifiyarta? A aikin nan na lura mace ko jika gare ta, ranar da ta faɗi uwa take fara nema da ido. In uwar tana raye, a matsa mata ta je ta zauna da ita. In kuma irin iyayen nan ce da ba su damu ba, to sai 'yan'uwa su rufa. Ke dai Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki damuwar 'yar wani kika ɗora wa kanki. Irinku sun yi ƙaranci.

Na haɗo miki man shafawa na gwiwa. Ki riƙa ɗumama shi kaɗan.

Ɗiyarki,
Basira.

Shagari,
22 ga Yuli, 2024.

Basira,

Bayan gaisuwa. Man ya iso, na gode, yana da yaji kamar mai shi. Rubutunki ba laifi, sai dai layinki yana gangarawa kamar akuya ta hango dusa.

Takardar da kika sa a ciki na ba Sumayya ta kai Bodinga ranar kasuwa. An karanta mata. Ta ce an gode, ta gyara kwanciya.

Kin tambayi mahaifiyarta. Tana raye. Tana zaune a Shagari, ta yi ritaya daga koyarwa, tana fama da gwiwar hagu. Ban san ko tana cikin iyayen da ba su damu ba, wannan sai ku masu ilimin abin.

In ubanki ya dawo, ki kai masa wasiƙata ta farko ki tambaye shi wace ce mutuniyar Bodinga. Laifinsa ne da ya tashe ku a inda ba a gaya muku komai.

Gwaggonki,
Aminatu.

Abuja,
29 ga Yuli, 2024.

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma durƙushe. Tun kafin in kai ƙarshen takardarki na sha jinin jikina. Na kai wa Baba, ya karanta ta farkon, na gaya masa amsar da na ba ki, ya fara dariya, sai kuma ya daina. Ya ce, "Ke Basira, ɗiyatta ta, ta hwari. Ina kit taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan hwari?"

Gwaggo, ashe Yaya Bahijja ce. Wallahi duk rayuwata na ɗauka ƙanwarki ce. A Sifawa na san ta, a ɗakin mahaifiyarki marigayiya Inna Laraba, tana ce mata Inna, ke kuma tana ce miki Adda. Baba ya ce tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi wa 'yar fari, kuma ba a taɓa jin sunanta a bakinki ba. Na san ana alkunyar ɗan fari, amma a littafi na sani, ban taɓa zaton tana cikin gidanmu da ranta ba. Na kira ki mai riƙe damuwar 'yar wani, na kuma jefi uwarta da magana, alhali ke ce. Na yi katoɓara, ki yafe mini.

Amma tunda kin nemi shawarata, zan faɗa miki gaskiya ko da za ki ja kunnena. Maganin Yaya Bahijja yana hannunki. Ba takardata take buƙata ba. Ki hau mota ki je Bodinga, ki zauna a bakin gadonta, ki riƙe hannun nan da ya shanye, ki dubi tsakiyar idonta, ki kira sunanta, ki ce mata kina sonta. Na ga abin da wannan yake yi. A tarona nakan sa mata su juya su faɗa wa na kusa da su abin da suka daɗe suna riƙewa, sai ki ga ɗaki ya rikice da kuka, kowa ta fita sakayau. Al'adar da za ta hana uwa rungumar 'yarta a kan gadon ciwo, ni dai a ganina lokacin binne ta ya yi.

Af, an gayyace ni Sakkwato farkon Satumba, taron mata ma'aikata. Ina tunanin in sa wa laccar suna "Kunyar da ke Cinye Mu". In kin yarda zan kawo labarin nan misali, ba tare da ambaton suna ko gari ba. Mata da yawa za su amfana.

Ina jiran amsarki.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Basira.

Sakkwato,
8 ga Satumba, 2024.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya gwiwa, ya aikin gona? Mako biyar ke nan ba amsa. Sau uku ina tare Malam Ɗanladi, ya rantse hannu da hannu ya ba ki, kuma ya gan ki garau kina korar kaji. Don haka na san lafiya ce, fushi ne. Da farko na ce ai gaskiya na faɗa. Daga baya na sake karanta abin da na rubuta a zuciyata, na ji kunya ta rufe ni. Kin kawo mini ciwonki a rufe, ni kuma na ce zan ɗora shi a kan dandamali. Na canza laccar. A kan gishiri da hawan jini na yi magana, ban ambaci kowa ba.

Jiya na je Bodinga. Na so in ƙaraso Shagari, ƙafata ta yi nauyi.

Na same ta a ɗaki, an rufe taga. Ta rame, Gwaggo. Bakinta ya ɗan karkace amma maganarta tana fita. Ta gane ni, har ta tambayi yara da sunayensu. Sai na gyara zama na buɗe mata duk abin da na iya. Na kawo labarin matar Safa da Marwa. Na ce jikinta amana ne, na ce 'ya'yanta suna kallonta, na ce tafiyar da ta fi kowace tsawo da taku ɗaya ake fara ta. Maganganun da jiya-jiya mata ɗari uku suka tafa mini a kansu. Ta saurara idonta a rufe. Da na yi shiru ta ce, "Kin ƙare? To sha hura."

Na sha furar, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Can ta ce, "Maganakki da daɗi, Basira. Amma ke gobe kina Abuja, ni ko ina nan ni da bangon ga."

Na tambaye ta ko kina zuwa. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Adda ta zo sau ukku. Bakin ƙohwa taka tsayawa, ta tambayi yara ko na ci abinci, ta aje ƙwarya ta koma. Ban ga laihinta ba, haka anka tashe ta. Amma da Inna na da rai, da ba ta bar ni kwance ba. Zagina za ta yi har in tashi."

A nan na gane abin da ban gane ba. Wadda aka yarje wa ta zama uwarta a fili ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ba wanda ya zauna a gurbin. Malam Husaini mutumin kirki ne, amma lallashi kawai ya iya, in ta ce a'a sai ya ce to. Yaran kuma tsoron taɓa ta suke yi.

Bari in tona miki asirin sana'armu, Gwaggo. Ba lacca ce take tayar da mata ba. Lacca tana sa su tafi gida da zafi, kwana biyu ya huce. Abin da yake fito da su ranar Asabar shi ne sun san wata tana tsaye a ƙofar gida tana jira, kuma ba za ta tafi ba. Na daɗe da sanin haka, amma tafi yana da daɗi, sai mutum ya manta.

Yau da safe ni da Malam Husaini mun koma wurin likitan gashi. Bai ɓoye mana ba, ya ce ƙafar ta fara ƙagewa, in aka ƙara wata biyu a haka kada a zarge shi. Ya rubuta abin da za a riƙa yi safe da yamma, ya nuna mana yadda ake riƙe ta. Abin da ya rage shi ne mai tsayawa a kai, wadda ba a ce mata a'a.

Na san ba kya kwana gidan suruki, balle mijin 'yar fari. Ban ce masa komai ba, shi ya fara. Ya ce, "Ki hwaɗa ma Malama, in don ni na, in koma gidan ƙanena har Allah shi ba da lahiya. Gaisuwa ma daga zaure."

Na janye duk abin da na ce a waccan takarda. Ban ce ki riƙe hannun kowa ba, ban ce ki kira sunan kowa ba. Malama nake nema, mai shekara talatin da biyar a aji, don akwai ɗalibar da ta ƙi aikin da aka ba ta. Na sa takardar likitan a ciki.

In kuma har yanzu fushin ne, ki rubuto ki zage ni. Ya fi mini shirun nan.

Ɗiyarki,
Basira.

Shagari,
16 ga Satumba, 2024.

Ɗiyata Basira,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, an fara yankan gero, Allah ya sa albarka bana. Ki gaida ubanki, ki ce na ji an ce ya yi dariya.

Fushi kam na yi. Takarda uku na rubuta miki, duk murhu ya cinye su, kuma gara da ya ci, don akwai wadda da ta iso ki da sai kin nemi mai ƙarfafa miki gwiwa ke ma. Yarinyar da aka haifa jiya ta ce a binne abin da uwata da kakata suka rayu a kai. Kunya ba ƙiyayya ba ce, Basira. Mu a wurinmu abin da ya fi tsada shi ake rufewa. Uwa takan kau da kai daga ɗan fari don kada a ce ta cika zumuɗi, don kuma dangi su samu wurin sonsa. Kuma sun so ta, ba ta taɓa rasa gata ba.

Amma zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da aka sa ta makaranta, a Sifawa nake koyarwa, kuma aji ɗaya aka ba ni. Na buɗe rajista ranar farko, sai ga sunan, na huɗu daga sama. Na kira uku, na tsallake, na kira na biyar. Tana zaune a gaba da sabon allo, ta ɗaga hannu tana jira. Da aka tashi tara na je na roƙi hedimasta ya musanya mini aji. Malamai suka yi ta yabona, wai Aminatu akwai kunya. Na ji daɗin yabon a lokacin. Sai da na karanta abin da ta gaya miki, na zauna na tuna hannun nan a sama. Shekara talatin da biyar ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a wurin wanda ake yi wa kunyar ba.

Sau ukun da na je, kada ki zaci ban so shiga ba. Ina tsayawa a ƙofar ne ina jin numfashinta, ƙafata ta ƙi.  Ina tsoron ta mutu a kwance, ina kuma tsoron a ce tsohuwa ta zubar da girmanta. Dubi wautar da ke cikin haɗa waɗannan biyun a ma'auni ɗaya.

Na karanta takardar likita, na fahimce ta, ba ta kai lissafin aji shida wuya ba. Ranar Juma'a in an gama ɗaure gero zan tafi. Sumayya za ta kula da kaji. Ki sani aikin malanta zan je yi, ba abin da kika rubuta a waccan takardar ba. Kuma ki gaya wa Malam na gode, Allah ya yi masa albarka, tunda ni ba zan iya faɗa masa ba.

Na yafe miki. Ki rage saurin baki, amma kada ki daina aikinki.

Gwaggonki,
Aminatu.

Bodinga,
4 ga Nuwamba, 2024.

Ɗiyata Basira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara da ɗan'uwana. Takardunki biyu sun iso, ban amsa ba don ba ni da lokacin kaina, ba fushi ba ne wannan karon. Mu nan lafiya. An fara dashen albasa a fadama, ni kuwa ban san halin da tawa gonar take ciki ba. Gwiwata ta yi sauƙi, abin haushi, tunda kullum sai na taka. Kada ki sa wannan a laccarki.

Ga rahoto. Ranar da na iso na shiga ɗakin kai tsaye kafin ƙafata ta yi shawara, na buɗe taga. Ta ce, "Adda, lahiya?" Na ce lafiya ce ta kawo ni, tashi zaune. Ta ce ba ta iyawa. Na ce ban tambaye ki ba. Ta dube ni, ta ga fuskar da yaran Shagari suka sani, ta kama hannuna ta zauna.

Makon farko yaƙi muka yi. Ta yi kuka, ta ce ina azabtar da ita, ta ce in koma inda na fito. Rannan har kofi ta jefar. Na ɗauko na wanke na ce saura tsayuwa biyu. In na fita bayan ɗaki nakan share nawa hawayen in dawo da fuskar aiki. Gishiri kuwa sai da na ɓoye shi a cikin kayana, don babbar 'yarta tausayi yake sa ta barbaɗa mata a ɓoye. Na sayi littafi mai layi ina rubuta taku kamar yadda kika ce. Ranar farko sifili. Yanzu in na manta ban rubuta ba, ita take tuna mini, har tana gardamar wai na rage mata ɗaya.

Matan maƙwabta sun ga muna zagaya tsakar gida safe da yamma, ita da sanda ni a gefenta, sai biyu suka fara shigowa suna bin mu, wai su ma ƙafafunsu. Yanzu sun kai biyar. Ɗaya ta ce in yi musu irin jawabin 'yar Abuja. Na ce jawabina ɗaya ne, ku taka.

Duk wannan da "ke" nake kiranta, ko in ce "wance", ta kuma saba.

To ranar Laraba da safe muna tsakar gida. An ɗora ruwan koko a murhu yana tafasa. Na wuce gaba in kawar da turmi daga hanya, na bar ta tsaye da sandarta wajen randa. Ashe an zubar da ruwa a wurin. Ina juyowa na ga sandar ta zame, ita kuma ta tafi gaba ɗaya wajen wutar. Ban san lokacin da ya fito ba, Basira. Sunan. Da ƙarfi kuwa, har Malam ya ji daga zaure. Allah ya kiyaye, ta karkace ta zube zaune, tukunya ba ta taɓa ta ba.

Gida ya yi tsit. Matan nan kowa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na tsaya riƙe da turmi, na rasa inda zan sa idona. Ita tana zaune a ƙasa cikin laka, ta ɗago ta dube ni, sai ta fara dariya da karkataccen bakin nan, hawaye yana zuba. Ta ce, "Ashe kin san shi, Adda."

Na ce, "Ni da anka raɗa shi ina ji?"

Ta ce, "Sake in ji."

Matan suka taso za su ɗaga ta, na ce kowa ta tsaya inda take. Na ja da baya har gindin darbejiya. Na daure na ce, "In kina son ji, taso ki taho nan inda nike."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama bakin randa ta miƙe. Sandar tana ƙasa, ba ta ko dube ta ba. Ta jawo ƙafar nan, ta sake jawowa, tana tangaɗi, ni kuma na ɗaure hannuwana a baya don kada su je su tare ta. Taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga, ba sanda, ba hannun kowa.

Kada ki sa ran ganin sunan a takarda, hannuna bai kai nan ba tukuna. Amma da ta iso, na riƙe ta, na faɗa mata shi a kunne, ta amsa.

Gwaggonki,
Aminatu.